Ferrari 330 P4: Tarihin Motar da Aka Ƙera Domin Ramuwar Gayya

A ƙarshen shekarar 1966, a wani ƙaramin gari mai suna Maranello da ke arewacin Italiya, wasu 'yan tsirarun injiniyoyi da makanikai suka haɗa motar tsere da aka raɗa wa suna Ferrari 330 P4. Guda uku rak aka ƙera sababbi fil, ta huɗun kuwa tsohuwa ce aka yi wa garambawul. Daga Fabrairu zuwa Yulin 1967 kawai ta yi tana fafatawa a gasar da aka yi ta dominta, daga nan doka ta kore ta daga fili. Ba a yi ta don sayarwa ba, ba kuma don ado ba. An yi ta ne saboda wani dattijo mai taurin kai ya sha kunya a bainar jama'a, ya ƙudurta sai ya rama. Wanda yake son ya gane motar, dole ya fara da dattijon.

Asali, 1898 zuwa 1947

An haifi Enzo Ferrari a Modena a watan Fabrairun 1898. Takardar haihuwarsa 20 ga wata ta nuna, amma shi 18 yake ƙirgawa. Abin da ake faɗa shi ne dusar ƙanƙara ce ta rufe hanya har kwana biyu, ta hana mahaifinsa zuwa ofishin rajista. Mahaifin, Alfredo, yana da ma'aikatar sarrafa ƙarfe. A 1908 ya kai yaron kallon tseren motoci a Bologna, kuma Enzo ya sha faɗa daga baya cewa a ranar ce abin ya shiga ransa. A 1916 ya rasa mahaifinsa da yayansa. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya fito da rashin lafiya, ya nemi aiki a kamfanin Fiat da ke Turin aka ce babu gurbi. A 1920 ya samu shiga Alfa Romeo a matsayin direban tsere, ya zo na biyu a gasar Targa Florio ta tsibirin Sisili a wannan shekarar.

Tambarin baƙin dokin nan da ya miƙe kan ƙafafunsa na baya yana da labari, amma daga bakin Enzo kaɗai aka same shi. A cewarsa, bayan ya ci wani tsere kusa da Ravenna a 1923, ya san iyayen Francesco Baracca, gwarzon matuƙin jirgin yaƙin Italiya da aka kashe a 1918, sai mahaifiyar ta ce ya ɗora dokin da ɗanta yake zanawa a jikin jirginsa a kan motocinsa, zai kawo masa sa'a. Wannan zancen baka ne. Abin da yake rubuce shi ne Enzo ya kafa ƙungiyarsa ta tsere, Scuderia Ferrari, a Modena a 1929, kuma dokin ya fara bayyana a jikin motocin ƙungiyar a tseren awa 24 na Spa a Beljiyam a 1932. A lokacin motocin Alfa Romeo yake sarrafawa, bai ƙera tasa ba tukuna.

A 1939 suka raba gari da Alfa Romeo, bisa sharaɗin ba zai sa sunansa a kan motar tsere ba har shekara huɗu. Yaƙi ya zo, ya mayar da ma'aikatarsa Maranello a 1943, jiragen ƙawance suka yi mata ruwan bama-bamai, ya sake ginawa. A 1947 mota ta farko mai ɗauke da sunansa ta fito, 125 S, da ɗan ƙaramin inji mai silinda goma sha biyu wanda Gioacchino Colombo ya zana. Wannan injin mai silinda goma sha biyu shi ne kakan na P4.

Tseren yini da kwana, 1949 zuwa 1962

Tseren juriya daban yake da tseren Formula 1 da ake gamawa cikin awa biyu. A Le Mans da ke Faransa, inda aka fara tun 1923, ana sakin motoci da yamma, su yi ta zagaya hanya mai tsawon kilomita 13 da ɗoriya har yammacin gobe. A wancan zamani direbobi biyu ne ke karɓa-karɓa a mota ɗaya. A lokacin akwai wani miƙaƙƙen titi da ake kira Mulsanne, kusan kilomita shida ba kwana, inda direba zai taka totur har ƙasa ya bar shi a nan, sannan a ƙarshensa ya danne birki da dukkan ƙarfinsa don shiga wata matsattsiyar kwana. A maimaita haka sau ɗari uku da wani abu, cikin dare da hazo da ruwan sama. Duk wani rauni da ke ɓoye a inji ko giya ko birki, sai ya fito fili kafin gari ya waye.

A 1949 Luigi Chinetti ya ci wannan tsere da Ferrari 166 MM, shi ya riƙe sitiyari kusan awa ashirin da uku a cikin ashirin da huɗun. Nasarar ta buɗe wa Enzo kasuwar masu kuɗi, musamman ta Amurka, inda Chinetti ya zama dillalinsa. Tsarin Enzo kuwa bai taɓa sauyawa ba: yana sayar da motocin hawa ne don ya samu kuɗin tsere. Wasu kamfanoni suna tsere don su tallata haja, shi kuma hajar ce take ciyar da tseren. Ya sake cin Le Mans a 1954 da 1958, daga 1960 kuma ya riƙe kambun shekara shida a jere.

Shekarun sun zo da makoki mai yawa. Ɗansa Dino ya rasu a 1956 yana da shekara 24. A 1957, a tseren Mille Miglia da ake yi a kan titunan jama'a, tayar Ferrarin Alfonso de Portago ta fashe, motar ta afka cikin 'yan kallo, ta kashe shi da abokin tafiyarsa da mutum tara, har da yara. Daga nan aka soke tseren, aka gurfanar da Enzo a kotu, sai bayan shekaru aka wanke shi. A ƙarshen 1961 rikici ya ɓarke a cikin gida, manyan injiniyoyinsa, ciki har da Carlo Chiti da Giotto Bizzarrini, suka bar kamfanin a lokaci guda. Enzo ya waiwaya ya ɗauko wani matashi ɗan shekara 26, Mauro Forghieri, ɗan wani tsohon ma'aikacinsa, ya damƙa masa sashen ƙera motocin tsere gaba ɗaya. Wannan matashin ne zai jagoranci aikin P4 bayan shekara biyar.

Cinikin da ya watse, 1963

Ana danganta wa Enzo wata magana, wai doki jan keke yake yi ba turawa ba, ma'ana inji a gaban direba ya kamata ya zauna. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, ya daɗe yana jan ƙafa kafin ya yarda a mayar da injin baya. A 1963 Ferrari 250 P, mai inji a bayan direba, ta ci Le Mans a hannun Lorenzo Bandini da Ludovico Scarfiotti, ita ce kuma mota ta farko mai irin wannan tsari da ta ci tseren. Daga gare ta zuriyar P ta fara.

A wannan shekarar kuma Henry Ford II, jikan wanda ya kafa kamfanin Ford na Amurka, ya so ya sayi Ferrari. Ford yana fitar da miliyoyin motoci a shekara, amma matasan Amurka suna kallon motocinsa a matsayin na iyayensu. Yana buƙatar sunan da ake samu a filin tsere, kuma hanya mafi sauri ita ce ya sayi mai sunan. Enzo, wanda 'yan ɗaruruwan motoci yake ƙerawa a shekara, yana buƙatar kuɗi. Wakilan Ford suka tare a Maranello makonni suna ƙidaya kaya da duba littattafan kuɗi. A watan Mayu aka zo sa hannu, sai Enzo ya tsaya a kan wani sharaɗi guda: idan kuɗin da sashen tsere zai kashe ya wuce wani adadi, sai an nemi izini daga Amurka. A nan cinikin ya mutu.

An yi wa wannan rana kwalliya da labarai iri-iri. An ce Enzo ya ja layi a ƙarƙashin sharaɗin da alƙalaminsa mai tawada launin shunayya, ya zazzaga wa baƙin maganganu, ya tashi ya tafi cin abinci. An ce da labari ya isa ga Henry Ford, sai ya umarci mutanensa su je Le Mans su durƙusar da shi. Akwai ma masu cewa tun farko Enzo ba da gaske yake ba, so yake ya tsorata Fiat don ta zo ta taimaka masa. Waɗannan duk ruwayoyi ne, kowa da yadda ya ji. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne abin da ya biyo baya: Ford ya ɗauko Eric Broadley na kamfanin Lola a Ingila, ya zuba dukiya, aka haifi motar GT40. A ganina Enzo ya yi daidai da ya ƙi sa hannu, domin mutumin da ya gina rayuwarsa a kan abu guda ba ya miƙa wa wani linzaminsa. Amma ƙin nasa ya tsokano abokin gaban da aljihunsa ba ya da ƙarshe.

Shekarun matsi, 1964 zuwa 1966

Shekara biyun farko Ford bai ji da daɗi ba. A Le Mans na 1964 duk motocinsa sun mutu a hanya, Ferrari 275 P ta ci. A 1965 ma haka aka yi, ko ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. Sai dai mai lura zai ga alamar tsagewa a ɓangaren Ferrari, domin motocin kamfanin na P2 sun yi ta fama da fashewar faifan birki, wadda ta ceci ranar kuwa 250 LM ce ta ƙungiyar Chinetti, da Masten Gregory da Jochen Rindt a ciki.

A 1966 Ford ya zo da GT40 Mk II mai ƙaton inji na lita bakwai. Forghieri ya fito da 330 P3 mai lita huɗu, guda uku kacal, domin yajin aikin ma'aikatan ƙarfe ya addabi masana'antun Italiya a shekarar, aikin da ya kamata a gama tun cikin hunturu ya yi ta jan jiki. Duk da haka P3 ta ci tseren kilomita 1000 na Monza da na Spa. Da aka zo Le Mans, sai rigima ta tashi tsakanin manajan ƙungiya Eugenio Dragoni da babban direbansu John Surtees, wanda ya ci wa Ferrari kambun duniya na Formula 1 a 1964. Surtees ya tattara nasa ya nasa ya tafi tun kafin a fara tseren. Babu P3 ko ɗaya da ta kai ƙarshen tseren. Motocin Ford uku suka tsallaka layin ƙarshe kusan a tare, ta ɗaya da ta biyu da ta uku, bisa shirin da shugabanninsu suka yi don a ɗauki hoto. Bruce McLaren da Chris Amon aka bai wa nasara, Ken Miles da ya fi kowa wahala a aikin motar ya zo na biyu saboda lissafin tazarar da ke tsakaninsu a wurin tashi. Wata biyu bayan haka Miles ya mutu yana gwajin sabuwar motar Ford a Riverside.

Hoton nan na motoci uku a jere ya shiga jaridun duniya. Shi ne ainihin dalilin P4.

Haihuwar P4, hunturun 1966

Wanda ya ga P3 da P4 a tsaye zai ce tagwaye ne, amma cikinsu ya sha bamban. Forghieri bai bi Ford zuwa ga ƙaton inji ba, ba shi ma da kuɗin yin haka. Ya tsaya a kan lita huɗu, cc 3,967, wato kusan cc 330 a kowane silinda, inda lambar sunan ta samo asali. Abin da ya yi shi ne ya sa injin ya riƙa numfashi da kyau. Da shi da injiniya Franco Rocchi suka ɗauko kan inji mai bawul uku a kowane silinda, biyu na shigar da iska da mai, ɗaya na fitar da hayaƙi, irin wanda ya ci wa Scarfiotti tseren Formula 1 na Monza a watan Satumban 1966. Kowane silinda fulogi biyu gare shi, mai kuma injekta ce ta kamfanin Lucas take fesa shi, ba kafireta ba. Sakamakon shi ne ƙarfin doki 450 a juyi 8,000 a minti ɗaya. Akwatin giyar ZF na Jamus da P3 ta yi amfani da shi aka ajiye, aka ƙera na gida mai giya biyar. Aka koma tayoyin Firestone masu faɗi. Nauyin motar duka bai kai kilo 800 ba, gudunta kuma yana kaiwa wajen kilomita 320 a awa.

Bodin alminiyam ne, a bitar Piero Drogo da ke Modena aka buga shi da hannu, da guduma. Ba a kira wani shahararren mai zane ya tsara mata siffa ba. Buƙatar iska da faɗin taya da gajartar gaba su suka tsara ta, hannun maƙera ya ƙarasa. Duk da haka, masu sha'awar motoci da yawa suna sa ta a sahun farko in ana zancen motar tsere mafi kyan gani, ni ma ina cikinsu: gabanta a ƙasa kamar damisa ta yi kwanton ɓauna, kafaɗun tayoyin sun taso, gilashin gaba ya kewaye direba.

Lambobin shasi na sababbin ukun su ne 0856 da 0858 da 0860. Ta huɗun, 0846, P3 ce ta bara aka sa mata injin P4, shi ya sa ake kiranta P3/4. Ga ƙungiyoyin dillalai kuma aka tanadi ƙanwarta mai suna 412 P, guda huɗu, siffa ɗaya amma da kafireta, don kada abokin ciniki ya wuce mai gida. Enzo ya sallami Dragoni ya naɗa ɗan jarida Franco Lini manaja, sannan ya ɗauko Chris Amon, mutumin New Zealand ɗin da ya ci Le Mans wa Ford wata shida da suka wuce. A watan Disamba kuma ya yi abin da bai saba ba, ya tura motar da direbobinsa har Florida suka yi gwaji na kwanaki a filin Daytona.

Daytona, 4 da 5 ga Fabrairu 1967

Daytona gidan Ford ne. Fili ne mai kwanoni masu gangare sosai, inda mota take manne a jikin bango tana gudu, nauyinta yana danne tayoyi da giya. Ford ya kawo Mk II guda shida. Akwai kuma Chaparral 2F ta Jim Hall, farar motar Texas mai dogon fiffike a baya, wadda ta ja gaba da farko kafin Phil Hill ya daki bango da ita. Da dare ya yi sai motocin Ford suka fara shigowa wurin gyara ɗaya bayan ɗaya, duk da ciwo iri guda: wani sandan ƙarfe a cikin akwatin giya ba a gasa shi yadda ya kamata ba a masana'anta, sai ya riƙa karyewa. Makanikai suka yi ta sauya giya har kayan gyara suka ƙare. Ɗaya ce kawai ta kai ƙarshe, a matsayi na bakwai.

Ferrari kuwa ko tari ba su yi ba. Bandini da Amon a 0846 suka yi zagaye 666, sama da kilomita 4,000. Mike Parkes da Scarfiotti a 0856 suka biyo su, sai Pedro Rodríguez da Jean Guichet a 412 P ta ƙungiyar Chinetti. Da lokaci ya kusa cika, Lini ya ba da umarni motocin uku su haɗu su jera kafaɗa da kafaɗa, su tsallaka layin tare. Jerin shiri ne, domin ta ukun tana baya da zagaye kusan talatin, amma ai na Ford ma a Le Mans shiri ne. An mayar musu da hotonsu a ƙofar gidansu. Ana cewa Enzo ya ajiye hoton kusa da shi har ƙarshen rayuwarsa. Da kamfanin ya fitar da motar hawa 365 GTB/4 a 1968, 'yan jarida suka laƙaba mata Daytona, sunan ya bi ta har yau, ko da yake ba shi ne na hukuma ba.

Daga Monza zuwa Le Mans, Afrilu zuwa Yuni 1967

A 25 ga Afrilu Bandini da Amon suka sake ci a Monza, Parkes da Scarfiotti na biye da su. Mako biyu bayan haka, 7 ga Mayu, motar Formula 1 ta Bandini ta kife a tseren Monaco ta kama da wuta. Masu ceto ba su da kayan aiki, ya daɗe a ƙarƙashinta, ya cika bayan kwana uku yana da shekara 31. Shi ne direban da Italiya ta ɗora wa buri, shi ne kuma wanda ya fi kowa sanin P4. Mako guda bayan haɗarin, a Targa Florio, Nino Vaccarella, malamin makaranta ɗan Palermo da mutanen Sisili ke rubuta sunansa a bangon ƙauyuka, ya daki gefen titi da 0846 a garin Collesano tun tseren bai yi nisa ba.

Haka ƙungiyar ta iso Le Mans ranar 10 ga Yuni, da raunuka. Ford ya zo da sabuwar Mk IV guda huɗu, mai shasin alminiyam irin na jirgin sama, wadda a Mulsanne take barin P4 a baya da tazara mai yawa. Dabarar Ferrari ita ce a matsa musu har su lalace kamar a Daytona. Cikin dare tayar Amon ta yi faci nesa da wurin gyara. Ya sauko ya fito da guduma don ya kwance tayar, bugu kaɗan kan gudumar ya cire ya ɓace cikin duhu. Ya koma ciki ya nufi wurin gyara a kan tayar da ta mutu, ƙarfe yana gurzar kwalta, tartsatsi ya kama mai, 0846 ta ci wuta. Amon ya tsira da ransa, motar da ta ci Daytona ba ta sake tsere ba.

Wajen ƙarfe uku da rabi na dare sa'a ta so ta juyo. Birkin Mario Andretti ya kama gefe ɗaya, motarsa ta daki shinge, wasu Ford biyu suka yi haɗari wajen kauce masa. Amma wadda take kan gaba, ta Dan Gurney da A. J. Foyt, ba abin da ya same ta. Gurney ya sha ba da labarin yadda Parkes ya manne a bayansa yana haska masa fitila don ya fusata ya ƙara gudu ya kashe injinsa. A cewarsa, da abin ya ishe shi sai ya sauka gefen titi a kwanar Arnage ya tsaya cik, Parkes ma ya tsaya a bayansa, motoci biyu na farko a tseren suna fake cikin duhu na 'yan daƙiƙoƙi, har Parkes ya haƙura ya wuce. Ruwayar Gurney ce, amma ta dace da halin da Ferrari take ciki, wato ba ta da sauran makami sai fatan abokin gaba ya yi kuskure.

Bai yi ba. Gurney da Foyt suka ci da kilomita 5,232, karo na farko da aka haura 5,000 a tarihin tseren. Parkes da Scarfiotti suka zo na biyu, zagaye huɗu a baya, Willy Mairesse da Jean Blaton a 0856 suka zo na uku. P4 ɗin da ta zo ta biyu ta yi tafiyar da a kowace shekara kafin wannan da ita ce zakara. Da inji mai lita huɗu ta bi mai lita bakwai yini da kwana ba ta karye ba, kuma a wurina wannan ta biyun ta fi ta ɗayan Daytona nuna ingancin aikin Forghieri. Amma abin da aka ƙera ta dominsa bai samu ba.

Kambu da hukunci, Yuli 1967

Mako ɗaya bayan Le Mans Parkes ya yi mummunan haɗari a tseren Formula 1 na Beljiyam, ƙafafunsa suka karye. Kambun kamfanoni na shekara ya rage tsakanin Ferrari da Porsche, za a raba gardama a Brands Hatch ta Ingila ranar 30 ga Yuli. Aka cire wa motocin rufi don su yi sauƙi, aka aro Jackie Stewart ya haɗu da Amon. Chaparral ta ci tseren, Amon da Stewart suka zo na biyu, Porsche ta uku. Da wannan Ferrari ta ɗauki kambun da 'yar tazara.

Kafin ranar ma an riga an yanke wa motar hukunci. Ana gama Le Mans hukumar tseren motoci ta duniya ta sanar da cewa daga 1968 injin irin waɗannan motoci ba zai wuce lita uku ba, saboda gudun ya fara ba kowa tsoro. Doka ɗaya ta share Mk IV da Chaparral da P4. Enzo ya yi fushi ya ƙaurace wa gasar shekarar 1968 baki ɗaya. Yaƙinsa da Ford ya cinye masa dukiya, ga sababbin dokokin hayaƙi da na kariya a kasuwar Amurka suna neman jarin da ba shi da shi. A watan Yunin 1969 ya sayar wa Fiat rabin kamfaninsa, amma da sharaɗin da Ford ya hana shi: sashen tsere ya zauna a hannunsa, ba mai sa masa baki. A haka ya riƙe shi har ya rasu a watan Agustan 1988.

Makomar huɗun

A wancan zamani motar tseren da doka ta kora ba ta da wata daraja a idon masu ita, kayan aiki ce da ya gama amfani. Shi ya sa tun a 1967 aka yanke bodin 0858 da 0860, aka faɗaɗa injinsu, aka mai da su 350 Can-Am don gasar Amurka da Kanada, inda Amon da Jonathan Williams suka tuƙa su ba tare da wata nasara ba a gaban manyan injinan McLaren. Daga nan 0858 ta tafi Ostireliya a 1968, sannan Paul Hawkins ya kai ta Afirka ta Kudu ya yi tsere da ita a gasar Springbok. Ta koma Amurka ta yi shekaru masu yawa a ajiye. A 2009 aka kawo ta gwanjo a Maranello, tayin ya haura Yuro miliyan bakwai, mai ita ya ce albarka. Daga baya aka sake buga mata bodin P4, abin da ya raba kan masana, domin wasu na ganin bodin Can-Am ɗin ma aikin kamfani ne kuma tarihi ne da bai kamata a cire ba. Ita kuwa 0860 ta shiga tarin motocin Pierre Bardinon a Faransa, inda ita ma aka mayar da ita siffarta ta farko. Guda ɗaya ce cikin sababbin ukun, 0856, ta tsira da bodinta na P4 ba a mai da ita Can-Am ba, kuma ta daɗe a hannun attajirin Kanada Lawrence Stroll. Don a gane inda farashin irinsu ya kai, ƙanwarsu 412 P mai lamba 0854 an sayar da ita a gwanjo a California a 2023 a kan dala miliyan 30 da 'yan kai.

Sai 0846, wadda ta ci Daytona ta ƙone a Le Mans. A littattafan Ferrari an rubuta cewa an rushe ta an zubar. Amma David Piper, tsohon direban tsere na Ingila, ya samu zanen motar da ragowar kayanta, ya ƙera wasu kwafi. A shekarar 2000 James Glickenhaus na New York ya sayi ɗaya daga cikinsu, da aka tuɓe ta don gyara sai ya ce ya ga alamu a jikin shasin da ke nuna ƙarfen 0846 ne na asali: wuraren ɗaura inji iri biyu, na P3 da na P4, da tabon gyara a inda Vaccarella ya daki titi a Collesano. Masu goyon bayansa suna cewa an tsinto shasin ne daga cikin tarkacen da kamfani ya zubar. Masu musu suna cewa kwafin Piper ce kawai. An shafe shekaru ana wannan muhawara da hotuna da awon ƙarfe da wasiƙu, Glickenhaus yana fita da motar yana tuƙa ta a bainar jama'a, su kuma littattafan Maranello ba a goge abin da aka rubuta a cikinsu ba.